Sawun Darwin a gaɓar Santiyago: nazarin tafiya ɗaya da aka ba da labarinta sau uku

Tsibiran Galapagos suna cikin Tekun Fasifik, kimanin kilomita 1000 yamma da gaɓar Ekwado, ƙasar da ta mallake su tun shekarar 1832. Duwatsu masu aman wuta ne suka ɗago su daga ƙarƙashin teku, shi ya sa ƙasarsu baƙa ce, mai kaifi, kamar kashin maƙera. A shekarar 2023 mutum sama da 300,000 suka ziyarce su. Da yawa daga cikin baƙin nan a jiragen ruwa na shaƙatawa suke kwana, jirgi ya yi tafiyar dare daga wannan tsibiri zuwa wancan, da safe a sauke su a gaɓa, jagora ya shige gaba yana nuna musu dabbobi.

Wannan tafiya ta ƙafa ita ce abin nazarinmu. Mai karatu zai iya tambaya ko me ya haɗa sharhin adabi da yawon buɗe ido. Amsar ita ce, duk tafiyar da jagora ya shirya labari ce: tana da mafari da ƙarshe, tana da abin da aka zaɓa a faɗa, tana kuma da abin da aka bari. Ana iya auna ta da ma'aunin da muke auna rubutu. Za mu ɗauki gaɓa guda, wato Puerto Egas da ke yammacin tsibirin Santiyago, mu jera labarin da ake ba baƙi a yau kusa da babin da Charles Darwin ya rubuta a kan tsibiran, da kuma abin da marubucin Amurka Herman Melville ya rubuta a kansu. Ba za mu shiga muhawarar ra'ayin da Darwin ya fitar a 1859 game da asalin nau'o'in halittu ba. Wannan wani fage ne daban. A nan matafiyi mai alƙalami muke karantawa.

Tafiyar yau

Tsarin tafiyar sananne ne, domin hukumar gandun ce ta shata shi. Ƙaramin jirgi mai inji yana kai baƙi bakin rairayi baƙi, su sauka cikin ruwa zuwa ƙauri. Doka ba ta yarda jagora ɗaya ya ja fiye da mutum 16 ba, ba ta yarda kowa ya kauce wa hanyar da aka kafa wa alamu ba, ba ta kuma yarda a kusanci dabba ƙasa da mita 2 ba. Hanyar tana bin gaɓa, inda narkakken dutse ya daskare ya bar ramuka da ruwan teku ke cikawa yana janyewa. A nan ake ganin jajayen ƙaguwoyi a kan baƙin dutse, da zalɓe yana dakon kifi, da dabbar da ake kira zakin teku tana barci a tsakiyar hanya ba ta damu da kowa ba. A nan kuma ake ganin iguwanar teku, wani ƙadangare mai girman damo wanda babu irinsa a ko'ina a duniya, domin cikin dangin ƙadangaru shi kaɗai ke kiwo a teku. Yana nutsewa ya ci gansakukar da ke kan duwatsu, ya fito ya shanya jikinsa a rana saboda sanyin ruwan, yana atishawa yana fitar da gishirin da ya tara. A ƙarshen hanya akwai koguna da ruwa ya ƙwaƙule, inda wani dangin zakin teku mai laushin gashi ke fakewa daga zafin rana. Akwai ma wani rami da ruwa ke cikawa ya zuƙe da ƙara, wanda aka laƙaba wa suna masan Darwin.

A fannin tsari, wannan labari ya ƙware. Yana farawa da ƙananan abubuwa, ya hau zuwa manya, ya ajiye mafi daɗi a ƙarshe, kamar yadda gwanar tatsuniya ke yi. Jigonsa kuwa guda ne: ga wurin da dabba ba ta tsoron mutum, ga duniya kamar yadda take kafin hannun ɗan Adam ya taɓa ta. Rashin tsoron gaskiya ne, kuma dalilinsa sananne ne, domin dabbobin sun daɗe a wurin da babu manyan namun daji masu farautarsu a tudu. Rabi na biyu na jigon shi ne abin dubawa, kuma babin Darwin ne zai fara taimaka mana.

Babi na 17

Jirgin Beagle, ƙarƙashin kyaftin Robert FitzRoy, ya iso tsibiran ranar 15 ga Satumba 1835, ya bar su ranar 20 ga Oktoba. Darwin yana da shekara 26 a lokacin. Tsibirai huɗu ya taka, kuma a Santiyago, wanda Ingilishi ke kira James, ya fi daɗewa, domin ya yi kwana tara a can. Littafin tafiyarsa ya fito a 1839, aka sake buga shi da gyare-gyare a 1845, sannan Edmond Barbier ya fassara shi zuwa Faransanci a 1875 da sunan Voyage d'un naturaliste autour du monde. Babi na 17 na wannan fassara shi ne na Galapagos.

Abin da ya fara jan hankalin malamin harshe a babin shi ne yawan aikatau. Darwin ba ya tsayawa daga nesa yana jera sifofi. Da ya so sanin abin da iguwanar teku ke ci, sai ya farke cikinta ya tarar da ciyawar ruwa. Da ya lura ba ta gudu cikin teku idan an firgita ta, sai ya kama ɗaya ya jefa ta cikin ruwa, ta dawo inda yake tsaye, ya sake jefa ta, ta sake dawowa, har ya kai ga hasashen cewa a tudu ba ta da maƙiyi, a ruwa ne kifaye masu cin nama suke, don haka gaɓa ta zame mata mafaka tun kaka da kakanni. Ya auna saurin ƙaton kunkuru ya samu kimanin mita 55 cikin minti 10. Ya sa ma'aunin zafi cikin rairayi ya ga ya kai digiri 58, iyakar abin da ma'aunin ke iya nunawa. Ya ture wani shaho daga reshe da bakin bindigarsa. Ya hau bayan kunkuru, ya kuma faɗi cewa zama a kai da wuya. Kowace siffantawa tasa tana tafe da tambaya, kowace tambaya tana tafe da gwaji, ko da gwajin na rashin tausayi ne.

Kusan duk abin da ya yi a wannan tsibiri, a yau laifi ne da zai sa a kori baƙo daga gandun, kuma dokar ta yi daidai. Sai dai akwai abin lura a nan: sunansa ne ke sayar da tafiyar, amma hanyar da ya bi ya san abin da ya sani, wato taɓawa da gwadawa da yin kuskure, ita ce tafiyar ta haramta. Baƙon yau amsa ake ba shi tun kafin ya yi tambaya. Har labarin da ya fi yawo, cewa Darwin ya dubi bakin ƴan tsuntsayen nan masu kama da gwara sai haske ya zo masa nan take, bai dace da abin da ya faru ba. Bai rubuta tsibirin da ya kamo kowane ɗaya daga cikinsu ba, kuma sai a 1837, a Landan, masanin tsuntsaye John Gould ya nuna masa cewa dangi ɗaya ne da ya rarrabu. Shi kansa babin ya yarda cewa marubucinsa ya cakuɗa wasu samfurori na tsibirai biyu kafin ya gane muhimmancin raba su. Littafin ya fi labarin da ake bayarwa da sunansa gaskiya, ya kuma fi shi amfani ga ɗalibi, domin yana nuna ilimi a lokacin da yake rarrafe.

Mutanen da ke cikin babin

Babban bambancin yana wajen mutane. Babin Darwin cike yake da su. A tsibirin Floreana ya tarar da mutum tsakanin 200 da 300, akasarinsu waɗanda gwamnatin Ekwado ta kora can saboda laifin siyasa, suna noman dankali da ayaba, suna farautar kunkuru. A bakin wata rijiya ya ga yaro da tsumagiya yana kashe kurciyoyi da ƙananan tsuntsaye da suka zo shan ruwa, ya tara su don abincin rana. Mataimakin gwamnan wurin, Nicholas Lawson, shi ne ya gaya masa cewa da ya ga kunkuru zai iya faɗin tsibirin da ya fito, maganar da Darwin bai ba muhimmanci ba sai daga baya. A Santiyago kuwa ya iske ƴan ƙwadago da aka turo su busar da kifi su kuma sa wa naman kunkuru gishiri. A wurinsu ya kwana, naman kunkuru ya ci. Ya bayyana yadda suke tsaga fatar dabbar kusa da wutsiya su duba ko tana da kitse, in babu su sake ta. Su ne suka kai shi tafkin gishirin da ke cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta, a wannan yanki na Puerto Egas, inda ya ga ƙoƙon kan wani kyaftin da matuƙansa suka kashe ƴan shekaru kafin zuwansa.

Ke nan tun a 1835 gaɓar da ake nunawa a matsayin wurin da mutum bai taɓa ba, wurin aiki ce, wurin fatauci, har da kisan kai. Sunanta ma shaida ne: daga Hector Egas ya samo asali, mai kamfanin da ya haƙi gishiri a wurin a shekarun 1960, kuma kufan gine-ginen kamfanin suna nan kusa da inda baƙi ke sauka.

Wannan bai wanke Darwin daga zargi ba. A cikin dukan mazauna tsibiran da ya haɗu da su, mai muƙami ne kaɗai ya sami suna a babin. Mafarautan da suka nuna masa hanyar ruwa, suka gaya masa halin kunkuru da lokacin ƙwansa, sun shiga littafi a matsayin jama'a marasa fuska, alhali rabin abin da ya rubuta game da kunkuru daga bakinsu ya ji shi. Da korarrun Floreana suka koka da talauci, sai ya wuce da cewa ai suna samun abinci ba da wahala ba. Wannan idon ɗan babban gida ne da bai taɓa kwana da yunwa ba. Duk da haka ya bar su cikin hoton, kuma mai karatu na iya ganinsu ko da marubucin bai tsaya a kansu ba.

Melville da matar da aka manta

Wanda ya tsaya a kansu shi ne Melville. Ya ratsa tsibiran a 1841 yana ƙaramin matuƙi a jirgin masu farautar babbar dabbar tekun nan da Faransawa ke kira baleine, kuma a 1854 ya buga gajerun zane-zane guda goma da ya kira The Encantadas, daga tsohon sunan da matuƙan Sifen suka ba wurin, wato tsibiran da aka yi wa sihiri. Inda Darwin ya ga ɗakin bincike, Melville toka ya gani da kaɗaici. Kunkurunsa alama ce ta azaba mai tsawon rai, ko da yake ya tunatar da mai karatu cewa in an kifar da ita, cikinta mai haske ne, kuma adalci shi ne a yarda da fuskokin biyu.

Zane na takwas shi ne zuciyar littafin. Labarin Hunilla ne, wata mata daga gaɓar Peru da ta zo da mijinta da ƙanenta neman man kunkuru. Kyaftin ɗin da ya sauke su ya yi alkawarin dawowa, bai dawo ba. Mazan biyu suka nutse a teku tana kallo, ta rage ita kaɗai tana ƙirga kwanaki a jikin kara har ta daina ƙirgawa. Labarin ƙagagge ne, amma irin mutanen da ya wakilta sun rayu. Masanin Amurka Charles Townsend ya bi littattafan ajiya na jirage 79 na masu farauta, ya buga sakamakon a 1925: sun kwashe kunkuru sama da 13,000 tsakanin 1831 da 1868, domin dabba ce da ke rayuwa watanni cikin jirgi ba ci ba sha, nama ne da ba ya ruɓewa. Bayan kowane adadi irin wannan akwai talakan da ya ɗauko kunkuru a baya daga kan tudu zuwa gaɓa.

Rauninsa shi ne kishiyar raunin Darwin. Melville yana ɗora wa dabba nauyin ma'ana har ta daina zama dabba, kuma wanda ya karanta shi kaɗai ba zai san abin da iguwana ke ci ba. Ɗaya ya ga dabba da kyau ya ratse mutum, ɗaya ya ga mutum da kyau ya mai da dabba karin magana. Sai an haɗa su tsibirin ke cika.

Abin da hanyar ta tsallake

Ruwa ba ya tsami banza. Kwanciyar hankalin da baƙo ke gani a Santiyago aiki ne aka yi, kuma aiki mai jini. Darwin ya rubuta cewa ramukan iguwanar tudu sun yi yawa a tsibirin har suka sha wuya kafin su sami wurin kafa tanti. Bayansa ta ɓace ƙaf daga tsibirin, saboda aladu da awaki da sauran dabbobin da mutane suka shigo da su. An mai da kashi 97 cikin ɗari na ƙasar tsibiran gandun ƙasa a 1959, UNESCO ta sa su cikin jerin farko na kayan tarihin duniya a 1978, amma awaki ba su san doka ba. Sai da aka shirya yaƙi na musamman tsakanin 1997 da 2006, da maharba a ƙasa da jirage masu saukar ungulu a sama, da awakin da aka ɗaura wa na'ura a wuya domin su tona inda ƴan uwansu suka ɓuya. A Santiyago kaɗai an kashe awaki kusan 80,000. A watan Janairun 2019 aka kawo iguwanar tudu sama da 1,400 daga tsibirin Seymour ta Arewa aka sake su. Su ma waɗannan jikokin wasu ne da aka kai can daga tsibirin Baltra a farkon shekarun 1930, kafin sojojin Amurka su kafa sansani a Baltra lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Dabbar da baƙo zai ɗauka hoto a matsayin alamar duniyar da ba a taɓa ba, sau biyu danginta suka shiga jirgi.

Haka nan hanyar ba ta bi ta gonar raken Manuel Cobos a San Cristobal, wanda ma'aikatansa suka kashe a 1904 saboda zalunci, ba ta kuma bi ta katangar da fursunonin Isabela suka gina da baƙin dutse tsakanin 1946 da 1959, wadda ake kira Katangar Hawaye. Mutum sama da 28,000 ke zaune a tsibiran bisa ƙidayar 2022, kuma masunta daga cikinsu sun sha yin arangama da hukumar gandun a shekarun 1990 kan abin da aka hana su kamawa. Baƙon da ya kwana cikin jirgi, ya biya dalar Amurka 200 kuɗin shiga kamar yadda aka tsayar tun Agustan 2024, abin da ya haura jika 100 na sefa, yana iya komawa gida bai zauna da ko ɗaya daga cikinsu ba, in ban da waɗanda suka yi masa hidima.

Adalci ya wajabta a ce laifin ba na jagororin ba ne. Mutane ne da aka horar aka ba lasisi, da yawansu ƴan tsibiran ne, kuma akwai masu tsayawa a kufan kamfanin gishiri su ba da tarihinsa. Matsalar tana cikin siffar labarin: sa'o'i biyu, hanya ɗaya, da mai sauraro da ya biya kuɗi mai yawa domin a nuna masa aljannar duniya. Irin wannan siffa tana tura tarihin mutum gefe ko da mai ba da labarin ya san shi. Hasarar kuwa babba ce, domin wanda aka gaya wa wuri ya tsira ne saboda mutum bai taɓa shi ba, zai ɗauka maganin kowane daji shi ne a kori mutanensa. Wanda aka gaya wa gaskiya zai fahimci cewa hannun da ya ɓata shi ne ya gyara, da doka da kuɗi da haƙurin shekaru.

Abin da ya shafe mu

Muna da irin wannan tafiya a gida. Raƙuman dawa na yankin Kure, gabas da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990, suka farfaɗo har suka haura 600, aka kuma kai guda takwas gandun Gadabeji na jihar Maraɗi a 2018. Ba a cikin daji mai shinge suka farfaɗo ba. A cikin gonakin mutane suka yi, suna cin waken manomi, manomi yana haƙuri. Jagororin ƙauyukan ne suka san kowace dabba da zanen jikinta, kuma ɗaya daga cikinsu yana cikin mutum takwas da aka kashe a harin watan Agustan 2020. Duk labarin raƙuman dawa da ya tsallake manomin da jagoran ya maimaita kuskuren gaɓar Santiyago.

Ga malamin da ke koyar da siffantawa, a ajin Faransanci ko na Hausa, shafuka uku sun isa darasi: inda Darwin ke jefa iguwana cikin ruwa, inda ya isa tafkin gishiri, da inda Hunilla ke ƙirga kwanaki. A sa ɗalibai su ja layi ƙarƙashin aikatau, su ƙirga mutanen da aka ambata da suna da waɗanda ba a ambata ba. Daga nan a tura su bakin tafki ko gulbin garinsu su rubuta shafi guda, da sharaɗi biyu: kowace dabba da suka siffanta su yi tambaya guda a kanta, kuma duk wanda ya ba su amsa, masunci ne ko makiyayi ko mai wanki, su rubuta sunansa.